Taya ta Huɗu

Wutar ba ta kai ƙwayar wake girma ba. Ruwan ɗorawa ce, tana can gefen allon da ke bayan sitiyari, da zanen wani abu mai kama da tukunya. Idan Sufyanu ya murɗa makulli da safe sai ta yi ta ƙiftawa na ɗan lokaci, sannan ta tsaya cak ta zuba masa ido. Haka za ta raka shi duk inda ya nufa, Shanga ko Wara, har ya dawo Yelwa ya kashe mota. Direbobi sun ce wutar iskar taya ce, ba wani abin ta da hankali ba, rabin motocin garin da ita suke yawo. To su dai suka faɗa. Shi Sufyanu ya san ranar da ta kama.

Motar ba tasa ba ce, ta yayansa ce Abdulrahman, wanda abokai ke kira Cindo saboda ɗan yatsa na shida da ke hannunsa na hagu. 'Yar Beljiyam ce mai rim masu sheƙi, kuma mai ita yana ji da ita fiye da yadda ya kamata mutum mai iyali ya ji da ƙarfe. Su biyu suke fataucin bandar kifi. Su bi tungayen bakin gulbi su saya, su kawo Yelwa, fatake su kwashe. Yayan ke tuƙi da ciniki, ƙanen ke ɗaurin kwali da shan faɗa.

A farkon daminar bara, a wani ƙauyen masunta na ƙasar Ngaski da ake kira Tungar Dudu, kututture ya huda musu tayar baya ta dama. Safaya tana nan a but kamar ta kowace mota a ƙasar nan, kyakkyawa da ita, amma ko ɗigon iska babu. Ta tudu Wara da nisa, ta ruwa kuwa ga ta can ana hango ƙyallin kwanonta. Abdulrahman ya ɗaga mota a jak, ya kwance tayar da rim ɗinta, ya mirgina ta zuwa inda jirage ke tsayawa.

"Zamna ka yi gadin kihi," ya ce wa ƙanensa. "Kahin la'asar ka ji ni."

Mai facin Wara ya shaida daga baya cewa ya liƙe tayar, ya cika ta da iska, ya kuma ga mai ita ya gangara da ita ya shiga jirgi. Suna tsakiyar ruwa hadari ya taso daga gabas. Jirgin ya kife. Wasu suka yi iyo suka fita, wasu kuwa Sarkawa masunta ne suka tsamo gawarsu a kwanakin da suka biyo baya, aka yi musu sutura. Abdulrahman ba ya cikin waɗannan, ba ya cikin waɗancan. Masu nutso suka nema har suka gaji, suka ce ruwa ya riƙe shi.

Da aka haƙura da nema, Sufyanu ya sayo baƙin rim da tsohuwar taya a Wara, ya sauke motar daga jak, ya kamo hanyar gida shi kaɗai. Bai kai kwalta ba wutar ta fara ƙiftawa.

Sai a san wace ce Inna kafin a gane sauran. Inna Halimatu mutuniyar zamanin da ce, kuma Abdulrahman ɗan farinta ne. Tun da ta haife shi sunansa bai taɓa fita daga bakinta ba. Ba ta zama inda ake yabonsa, ba ta tambayar ko ya ci abinci, in ya shigo gaishe ta sai ta amsa tana kallon bango. In dole ta yi maganarsa sai ta ce "mai motar ga". Motar ma ba ta taɓa shigarta ba. Gara ta hau acaba da tsufanta da a ce an gan ta a motar ɗan fari. Alkunya ke nan, haka ta tarar iyayenta suna yi. Wanda bai sani ba sai ya ce ba ta son sa, alhali duk gidan sun san wa ake ɓoye wa kan kifi a ƙasan tukunya.

Da labarin jirgi ya zo, mata suka cika gida da kuka, Inna kuwa ta ci gaba da tsince shinkafarta. Liman ya aiko cewa ya kamata a shimfiɗa tabarmi a karɓi gaisuwa. Ba ta ce a yi ba, ba ta ce kada a yi ba, sai dai ta kwashe tabarmin gidan kaf ta kulle a ɗakinta. Indo, matar Abdulrahman, ta zauna a tsakani, ba ta shiga takaba ba, ba ta kuma ƙara sa kwalli ba.

Ranar da Sufyanu ya dawo da motar, yana ƙofar gida yana gaya wa wani maƙwabci cewa wata wuta ta kama masa a hanya ta ƙi mutuwa. Maƙwabcin ya ce ai da sauƙi, a liƙe ta da baƙin salatif a huta. Sai muryar Inna ta fito daga cikin zaure.

"Kar a taɓa ta."

Tun daga nan kullum in ya dawo, bayan ya gaishe ta, sai ta ce, tana kallon wani wuri daban, "Wutar ga na nan?"

"Tana nan, Inna."

Sai ta gyaɗa kai ta tashi ta yi alwala. Ba ta taɓa ganin wutar da idonta ba. Amma ta ƙulla a ranta cewa abin da ya kama ranar da aka bar ɗanta a ruwa, in dai bai mutu ba, to mai motar ma yana can wani wuri da ransa. Tambayar da al'ada ta hana ta yi game da ɗa, sai ta riƙa yin ta game da wuta. Sufyanu ya gane haka sarai, kuma tambayar tana cin ransa fiye da duk kukan da aka yi a gidan.

Shi kam so yake ta mutu. Ya gaji da tuƙi ana kallonsa. Ya gaji da gidan da ba a yi makoki ba, ba a kuma dariya. Don haka a ɓoye ya shiga neman maganinta, yana gaya wa kansa cewa in ta mutu da kanta ta hanyar gyara, ai ba taɓa ta aka yi ba.

Mai facin bakin tasha ya sa geji ya auna tayoyin, ya ce lafiya lau, amma don a tabbatar bari a ƙara. Ya ƙara har motar ta riƙa tsalle kamar akuya a kan hanyar Shanga. Wutar tana nan. Wani ya ce iska ta yi yawa, aka rage. Wani ya buga kowace taya da ƙarfe yana kasa kunne kamar mai zaɓen kankana. Wani ya cire kan batir, ya ce a bar mota ta manta. Ba ta manta ba. Akwai wani ɗan maɓalli a ƙasan sitiyari da aka ce in an danne shi ta gyaru. Sufyanu ya danne shi har babban yatsansa ya yi tsami. Ta ƙifta, ta ƙifta, ta dawo ta tsaya.

Daga ƙarshe aka tura shi wurin Mubarak mai wayarin, wanda ke da 'yar na'urar da ake jona wa mota ta faɗi ciwonta. Mubarak mutum ne mai surutu da son a san ya je Kaduna. Ya jona, ya daddanna, ya yi dariya.

"Malam Sufyanu, motarka ba ta da ciwon komi. Ka ga kowace taya akwai wani ɗan abu cikinta, nan gindin bawul, sansa aka ce mishi. Shi ka gaya ma mota yawan iskar da ke ciki, ba waya ba komi, awa rediyo. Mota na kira, suna amsawa. Ukku sun amsa. Ta huɗu, ta baya hannun dama, ita ta ƙiya." Ya leƙa ya ga baƙin rim. "To ai ga shi. Wagga ba tata ba ta. Ina ta asalin?"

Sufyanu ya ce ta ɓata.

"To ita taka nema. Har abada haka za ta yi ta kira. Ko in aika Kaduna a kawo sabon sansa in haɗa su, ko in cire ƙwan wutar baki ɗai. Wanne kaka so?"

Ga magani a hannu, amma Sufyanu bai zaɓi ko ɗaya ba. Ya tsaya yana kallon wutar, yana jin maganar tana yawo a kansa: mota na kira, ta huɗu ta ƙi amsawa. Ashe ba Inna kaɗai ke tambaya a gidan ba. Ya ce zai yi shawara, ya ja mota ya tafi, bai kuma koma don gyaran ba.

Damina ta wuce, gulbi ya cika ya tumbatsa, sanyi ya zo ya tafi. Da bazara ta shigo ruwa ya fara ja da baya, yana barin laka da baƙaƙen kututturan itatuwan da ya cinye tun zamanin da aka tare kogin. Sufyanu ya daɗe yana kauce wa Tungar Dudu, amma kifi ba ya bin mutum gida. Wata ranar kasuwa ya kama hanya.

Kusa da tungar akwai wani wuri da hanya ke matsewa, yashi a ƙasa, gefe ɗaya ƙaya, gefe ɗaya gangaren gulbi. Nan ya tarar da amalanken shanu a gabansa, an lafta masa buhunan albasa, yana tafiya kamar ba gobe. Babu wurin wucewa. Ya bi bayansa a hankali, ƙura tana shigo masa, yana tsaki. Can ya sauke ido kan allo don ya ga ko inji ya yi zafi.

Wutar ba ta nan.

Ya murza ido. Allon baƙi ƙirin a wurin da ta saba zama. Shi da ya yi wata da watanni yana neman ta mutu, abin da ya fara zuwa bakinsa shi ne innalillahi. Sai a lokacin ya san cewa maganar Inna ta daɗe da shiga jikinsa shi ma. Hanya ta buɗe, ya wuce amalanken bai ko dube shi ba. Ya yi cinikin kifi bai san me ya saya ba. A hanyar komawa, bayan ya hau kwalta, sai ga ta: ta ƙifta, ta ƙifta, ta tsaya.

"Wutar ga na nan?"

"Tana nan, Inna."

Bai yi ƙarya ba, amma tuwon ranar bai wuce masa ba.

Kasuwa ta zagayo, ya koma, ya ce ko idonsa ne. A daidai wannan matsatsin, yana bin layin masu kai kaya kasuwa, ta sake mutuwa. Wannan karon har ya tsaya ya leƙa gangaren. Babu komai sai laka mai tsagewa, da kututture tsaye a cikin ruwa kamar mutanen da suka shiga wanka suka ƙi fitowa. Daga nan ana hango Wara. A nan, ko kusa da nan, ya zauna bara yana gadin kifi yana kallon hadari.

Washegari ya je wurin Mubarak ya gaya masa. Mubarak ya fara dariya, ya ce ƙila ƙwan ne ya kusa ƙonewa. Ya jona na'urarsa ya duba, dariyar ta tsaya.

"Ƙwai lahiya lau." Ya sosa ƙeya. "Ni dai abin da nis sani guda na. Wutar ga ba ta mutuwa sai ta huɗu ta amsa."

"Daga ina za ta amsa?"

"Ba ta da dogon zango. Misalin daga nan zuwa masallacin can, ko ma bai kai ba." Ya dubi Sufyanu, ya kawar da kai. "Ƙarƙashin ruwa kau ba ta iya magana. Ban sani ba, Malam. Ka yi addu'a dai."

Ranar da ba kasuwa ba ya koma matsatsin shi kaɗai. Ya yi gaba ya yi baya da mota a kan yashin, yana kallon allo. Wutar tana nan, ko gezau. Ya fita ya gangara, ya bi bakin ruwa yana tona laka da sanda, yana ɗaga tsofaffin komaye, yana leƙa bayan kututture. Wasu mata masu wanki suka bar wankinsu suna kallonsa. Ya san abin da za su ce a tunga: ƙanen wanda ruwa ya ci ya fara taɓuwa, ko mutanen ruwa sun kira shi shi ma. Ya dawo mota da laka har gwiwa, ya zauna, ya ji tsoron kansa. Ko dai duka biyun mafarkin ido biyu ya yi?

Bai fasa ba. Ranar kasuwa ya yi sammako, ya raɓe da motar a bakin matsatsin inda ƙaya ta ɗan ja baya, ya bar inji yana aiki, ya kafa wa wutar ido. Masu babura suka wuce da kwandunan kifi. Mata suka wuce da ƙwaryar nono. Jakuna suka wuce. Wutar tana kallonsa yana kallonta. Rana ta ɗaga, har ya fara tunanin man da yake ƙonawa a banza, sai ya ji kukan gatarin tayoyin amalanke daga baya, ƙiii, ƙiii, da numfashin shanu. Amalanken ya zo daidai tagarsa, shanun suka tsaya cin wata 'yar ciyawa, mai su bai hana su ba.

A gaban idonsa wutar ta ɗauke.

Ya juya a hankali. Tayar hagu ta amalanken tsohon ƙarfe ce mai tsatsa. Ya fita, ya zagaya ta ɗaya gefen. A ƙarƙashin laka da kashin shanu, ga rim mai sheƙi, mai ƙafafu biyar, irin ukun da ke jikin motarsa sak. Ga ma tabon da Abdulrahman ya yi masa a bakin kwalbatin Yelwa, wanda ya yi kwana biyu yana mita a kai.

Mai amalanken dattijo ne, Bafillace, siriri, da malfa a ka. Bai yi mamaki ba. Ya dubi Sufyanu, ya dubi motar, ya daɗe yana kallon tayoyinta. Sannan ya sauko.

"Sannu, Baffa," in ji Sufyanu. "Tayar ga…"

"Na sani," in ji dattijon. "Gidaɗo sunana. Shekara guda ina yawo da ita kasuwa-kasuwa, ko Allah shi kawo wanda ya san ta. Ban shafa mata fenti ba, ban sai da ta ba. Mi ne ne naka?"

"Yayana."

"Yana da yatsa shida hannun hagu?"

Sufyanu ya zauna a kan yashi.

Gidaɗo ya tsuguna kusa da shi, ya ba shi labarin a hankali, yana zane a ƙasa da tsinke. Bayan hadarin nan da 'yan kwanaki ya kai shanu shan ruwa a wani lungu can ƙasa, inda ba jirgin da ke bi. Ya ga taya tana yawo a cikin ciyawa, ya shiga ya jawo ta, sai ya ji nauyi. Mutumin ya zare zariyar wandonsa ya ɗaure hannunsa a jikin rim, ɗauri mai kyau, na wanda hankalinsa ke jikinsa. Tayar ta riƙe shi a sama yadda ya yi fata, sai dai igiyar ruwa ta ranar ta fi ƙarfin mai numfashi. Gawar ba ta jiran a nemo dangi. Shi da 'ya'yansa da wasu masunta biyu suka zuba mata ruwa, suka naɗe ta da farin rawaninsa, suka yi mata salla, suka rufe ta a bakin gulbi, yadda mutanen wurin ke yi wa wanda ruwa ya ci. Ya bar saƙo a tunga mafi kusa, sannan damina ta kore shi da shanu zuwa tudu. Saƙon bai isa ko'ina ba.

"Muna iya zuwa?" in ji Sufyanu.

"Yanzu muna iyawa. Da wata guda baya ka zo, sai dai in nuna maka ruwa."

Suka bar amalanken wurin wani mai albasa, suka tafi a mota har inda hanya ta ƙare, suka ƙarasa a ƙasa. Wurin shiru, ba kowa sai balbelu. Ruwan bai daɗe da sauka daga kan kabarin ba, ƙasar tana da danshi, bawon katantanwa ya manne a jikin manyan duwatsun da Gidaɗo ya jera don kada gulbi ya tafi da amanarsa. Rabin shekara yayansa yana kwance a ƙarƙashin ruwa, shi kuwa yana wucewa ta kwalta da wuta a gabansa. Sufyanu ya durƙusa ya yi addu'a, ya yi kukan da bai samu wurin yi a gida ba. Dattijon ya juya baya yana kallon ruwa har ya gama.

Da suka dawo wurin amalanke, Gidaɗo ya ce a kawo sifana. Nan Sufyanu ya tsaya. Ya tuna maganar Mubarak. In ya ɗaura tayar a mota, wutar ta mutu ke nan. Ko a but ya jefa ta, za ta amsa daga can, wutar ta mutu. Babu yadda zai kai ta gida ya kuma ce wa Inna tana nan. In kuwa ya bar ta a jikin amalanke, kafin ya hau kwalta wutar za ta dawo, tsohuwa ta gyaɗa kai ta tashi ta yi alwala, gobe ma haka, har ranar da Allah zai ɗauke ta da ɗanta a raye cikin ranta. Wallahi ya so ya bar ta. Ya faɗa wa Gidaɗo duka, har da tabarmin da aka kulle.

Dattijon ya ce, "Ɗan fari na?"

"Shi na."

"To ba ta iya tambaya tai. Kai ka kai mata." Ya nuna gulbi da haɓa. "Ruwan sama na tahe. In gulbi ya cika, sai wata shekara, kuma ba mu san wa ka ganin wata shekara ba."

Suka yi musanya. Baƙin rim ya koma amalanke, mai sheƙi ya koma inda ya baro. Sufyanu ya ɗaure notunan da hannunsa. Duk tsawon hanyar Yelwa yana sauke ido kan allo, rabin ransa yana jiran ta ƙifta. Ba ta ƙifta ba. Bai taɓa sanin mota za ta iya yin shiru haka ba.

Ya iso bayan la'asar. Inna tana tsakar gida a kan 'yar kujerarta tana gyaran zogale, Indo tana bakin murhu. Ya durƙusa ya gaishe ta. Ta amsa, ta kalli bango.

"Wutar ga na nan?"

Ya miƙe tsaye.

"Inna, ki taho ki gani."

Hannunta ya tsaya a cikin faranti. Sannan ta ajiye, ta jawo mayafi, ta bi shi zuwa ƙofar gida. Idonta ya fara sauka kan tayar baya, wadda laka ba ta gama fita daga jikinta ba. Ita da aka ce ba ta taɓa kallon motar ba, nan take ta gane ta. Ya buɗe mata ƙofar gaba, ta tattara zane ta shiga, karo na farko a rayuwarta. Ya zagaya ya zauna, ya nuna mata wurin da yatsa, ya murɗa makulli.

Fitilun allon suka kama gaba ɗaya, ja da kore da ruwan ɗorawa. Suka fara mutuwa ɗaya bayan ɗaya. 'Yar mai kama da tukunya ta ɗan jima, har Inna ta matso da fuskarta tana kallonta, sannan ita ma ta tafi.

Ya gaya mata a taƙaice: amalanke, Gidaɗo, zariyar wando, farin rawani, duwatsu a bakin ruwa. Bai ɗago kai ba har ya gama. Ta miƙa hannu ta dafa sitiyari, ta gefen hagu, inda fatar ta goge saboda riƙo.

"Abdulrahman," ta ce.

Ba da ƙarfi ta faɗa ba, amma Indo da ke tsaye a zaure ta ji. Ta kai hannu kunne ta cire 'yan kunnenta, ta juya ciki.

Inna ta kwance makullin ɗakinta daga bakin zane ta miƙa wa Sufyanu, ta ce a fito da tabarmi, a gaya wa liman. Ya karɓa, ya zagaya ya buɗe mata ƙofa don ta sauka. Ba ta motsa ba.

"Gobe da sahe ka kai ni," ta ce, "tun ruwa bai ruhe shi ba."